H33.311: Abin da Takardar Likitan Ido Ke Faɗa

Harafi ɗaya ne da alƙaluma biyar, H33.311, amma duk asibitin ido da kamfanin inshorar lafiya da ke Amurka abu guda za su fahimta da shi: tantanin da ke bayan idon dama na wani bawan Allah ya yage, yagewar mai siffar kofaton doki ce, kuma har yanzu tantanin bai saki jikin ido ba. Idan lambar ƙarshe ta koma 2, magana ta koma idon hagu. Idan 3 ce, idanun biyu ke nan. Idan kuwa 9 ce, to likita bai faɗi ko wane ido ba ne, kuma duk wanda ya tura wa inshora takarda da 9 a wutsiyarta ya san akwai yiwuwar ta dawo masa ba a biya ba.

Sa irin waɗannan lambobi ita ce sana'ata. Ni ba likita ba ne, ban taɓa leƙa cikin idon kowa ba. Ina zaune ne a wani ɗaki na wani asibitin ido a Amurka, ɗakin da marasa lafiya ba su ma san da shi ba, ina karanta abin da likitoci suka rubuta ina mayar da shi lambobi. Kafin na zo nan na yi aiki a ofishin kati na wani asibiti a gida, cikin foldoji masu ƙura da ake ɗaurewa da zare. Saboda haka na ga kowane ɓangare, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura mutanenmu sun ɗauki takardar asibiti kayan asibiti ce, alhali a ciwo irin wannan ganin mutum kan rataya a kan layi huɗu ko biyar da likita ya rubuta, ko ya yi ƙyuyar rubutawa.

Bari in fara da idon kansa. Ƙwayar ido ba fanko ba ce. Cike take da wani ruwa mai kauri da yauƙi, garai-garai, wanda haske ke ratsawa. A bangonta na ciki ta baya akwai wani tantani shimfiɗe, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, likitoci na ce masa retina. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. Idan shekaru suka ja, yawanci daga hamsin zuwa sama, ruwan nan mai kauri yakan tsinke ya janye daga jikin tantanin. Wannan tsufa ne kawai, galibin mutane sukan wuce shi lafiya lau. Amma a wasu idanun akwai inda ruwan ya manne ƙam, da ya ja sai ya yago tantanin. Babu zafi ko kaɗan, kuma wannan shi ne sharrin ciwon. Abin da mutum zai gani shi ne walƙiya a gefen ido, musamman cikin duhu, sai wasu baƙaƙen ɗige-ɗige da suka bayyana farat ɗaya suna yawo, wani ya ce ƙudaje, wani ya ce toka, wani ya ce yanar gizo. Cikin masu zuwa asibiti da waɗannan alamu sababbi, akan samu yagewa a kimanin mutum ɗaya cikin goma, wani lokaci fiye.

Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abin da ke biyo bayan tsaga a jikin yaɓe idan damina ta kankama. Ruwa zai bi ta tsagar ya shiga tsakanin yaɓe da bango, a wayi gari wata rana yaɓen ya saki ya zubo. Haka ruwan ido ke bi ta yagewar ya shiga bayan tantanin ya ɗaga shi, mutum ya ga kamar an ja labule daga gefe ɗaya. Jules Gonin, likitan ido a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ya shafe shekarun 1920 yana jayayya da 'yan uwansa likitoci cewa yagewar ce tushen ɓanɓarewar, kuma idan aka toshe ta tantanin zai koma ya kwanta. Sai a taron likitocin ido na duniya da aka yi a Amsterdam a 1929 aka sallama masa. A 1949 wani Bajamushe, Gerhard Meyer-Schwickerath, ya fara liƙe tantanin da hasken rana da ya tattaro daga rufin asibiti a Hamburg. Yau da hasken leza ake yi, ko a daskarar da wurin da sanyi, a kewaye yagewar da tabon da zai riƙe ta, aikin 'yan mintuna ne mutum ya tafi gida. Yagewar kofaton doki mai alamu, idan aka ƙyale ta, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi kan kai ga ɓanɓarewa. Idan aka kewaye ta da wuri, haɗarin kan sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Tsakanin yagewa da ɓanɓarewa ke nan akwai tazara mai faɗi, ta fuskar aiki da kuɗi da kuma abin da zai rage wa mutum na gani, kuma lambobinmu a kan wannan iyaka aka gina su.

Littafin lambobin ba don kuɗi aka fara shi ba, don ƙidayar mamata aka fara. A 1893 wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya tsara jerin abubuwan da ke kashe mutane domin ƙasashe su riƙa lissafi da ma'auni ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, aka shigar da cututtukan da ba sa kisa. Bugu na goma, ICD-10, an amince da shi a 1990, shi ne kuma wanda muka yi aiki da shi a gida. A cikinsa yagewar tantani ba tare da ɓanɓarewa ba H33.3 ce, magana ta ƙare, babu dama babu hagu. Amurkawa suka ɗauki littafin suka yi masa rassa da 'yan rassa, suka sa masa suna ICD-10-CM, suka fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba, 2015. Lambobinsu suka tashi daga kimanin 14,000 zuwa kusan 70,000 a dare ɗaya. Bugu na sha ɗaya ya fara aiki a duniya a Janairun 2022, amma har yanzu Amurka ba ta koma kansa ba.

Ga yadda ake karanta tamu. H33 gidan ɓanɓarewa da yagewar tantani ne. Lambar da ke bin ɗigo ita ce babbar mararraba: 3 na nufin akwai kafa amma tantani na kwance, 0 na nufin akwai kafa kuma tantani ya tashi. A ƙarƙashin 3 ɗin, H33.31 kofaton doki ce, H33.32 zagayayyen rami, H33.33 kafofi da yawa, H33.30 kuma likita ya ce akwai kafa bai faɗi irinta ba. A ƙarƙashin 0, akwai mai kafa ɗaya, mai kafofi da yawa, mai ƙatuwar yagewa, har zuwa H33.05 inda tantanin gaba ɗaya ya saki. Wannan littafin cuta ke nan. Akwai na biyu, na aikin da aka yi, mai suna CPT, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ke bugawa tun 1966. Kewaye yagewa da leza 67145 ne, da sanyi 67141. Idan tantani ya riga ya tashi aka yi masa shinge da leza, 67105 ne. Dole lambar cuta da lambar aiki su yi aure. In aka haɗa 67105 da H33.311, kwamfutar inshora za ta ce an gyara ɓanɓarewar da ba ta faru ba, ta tofar da takardar.

Masu sana'armu suna da magana ɗaya da ake koya wa kowa tun ranar farko: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ni ba ni da ikon yin hasashe. Ko da hoton cikin idon na gabana, kofaton doki ɓaro-ɓaro, in likita bai rubuta da kalmominsa ba, ba zan sa H33.31 ba. Haka kuma akwai ƙa'idar da ke ba sababbin ma'aikata mamaki: ga wanda aka duba ya koma gida ba a kwantar da shi ba, ba a sa lambar cutar da likita ya ce yana zargi ko yana kyautata zato. Misali, yagewar ta ratsa ta kan wata 'yar jijiyar jini, jini ya zuba cikin ruwan ido ya rufe hanya, likita bai iya hangen komai ba, ya rubuta yana zargin yagewa. Ni abin da zan sa shi ne abin da aka tabbatar, wato jini a ruwan idon dama, H43.11. Yagewar sai ranar da aka gan ta. Dalilin yana da ma'ana. Lambar cuta in ta shiga tarihin mutum takan bi shi shekaru, kuma fitar da ita ya fi shigar da ita wuya nesa ba kusa ba.

Abin da na fi so in gani a folda shi ne zanen likita. Don ya ga gefen tantanin, inda yawancin yagewa ke faruwa, sai an ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido, likita ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe gilashi mai kauri a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana danna fatar ido a hankali da wani ɗan ƙarfe mai mulmulallen kai don gefen ya turo inda za a hango shi. Charles Schepens, ɗan Beljiyam da ya zauna a Boston, shi ya kawo wannan fitila a shekarun 1940. Hoton da likita ke gani ta cikinta a kife yake, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu, shi ya sa tsofaffin hannu kan juya takardar zanen a kife a kan ƙirjin mara lafiya su zana abin da suke gani yadda yake. Takardar da'irori uku ce, ɗaya cikin ɗaya, an raba su gida goma sha biyu kamar fuskar agogo. Ja na nufin tantanin da ke kwance lafiya, shuɗi wanda ya tashi. Yagewa ja ce da aka kewaye da shuɗi. Kore na nufin wani abu a cikin ruwan ido, jini ko gurɓata. Likitan Kano da na Alƙahira da na Madras duk za su karanta wannan zane ba tare da tafinta ba.

Da agogon ake faɗin wuri. Likita zai rubuta yagewa a ƙarfe goma, ko daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Wadda ta kai faɗin awa uku, wato kwatar da'irar, ta zama ƙatuwar yagewa mai lambarta daban, aikinta ma daban. Ta sama ta fi ta ƙasa haɗari, domin ruwa gangarowa yake yi, kuma mafi yawansu a sama ta gefen kunne suke. A nan ne ma idon mai sa lamba kan kama kuskure. A idon dama, gefen kunne wajen ƙarfe tara yake. A idon hagu, wajen ƙarfe uku. To in na ga an rubuta idon dama, sama ta gefen kunne, ƙarfe biyu, na san ɗaya daga cikin ukun ba daidai ba ne, kuma sau da yawa idon ne aka sauya. Tun 2020 akwai lamba ta musamman ta wannan dogon dubawa, 92201, wadda ba a biya sai da zanen da bayaninsa. Wasu likitoci sun yi gunaguni. Ni dai na ji daɗi, domin ta dawo da zane cikin foldojin da ya fara ɓacewa.

Kwamfuta ta kawar da matsalar mummunan rubutun hannu, ta kawo wata. Da dannawa ɗaya likita zai kwaso duk bayanin zuwan da ya wuce ya liƙa a na yau. Sai ka buɗe folda ka ga a sashen dubawa an ce gefen tantani lafiya, babu rami babu yagewa, layi goma a ƙasa kuma an ce akwai yagewa, a yi leza yau. Duka biyun da sa hannun mutum ɗaya, rana ɗaya. A nan sai in aika masa tambaya a rubuce, kuma tambayar ma tana da ladabinta, an hana mu sa wa likita magana a baki. Ba zan ce, "Likita, kofaton doki ce ko?" ba. Sai dai in ce, "Likita, sashen dubawa ya ce babu yagewa a idon hagu, sashen shawara ya ce akwai. A taimaka a fayyace wanne ne, kuma in akwai, wace iri ce." Wani zai amsa cikin minti biyar har da godiya. Wani sai an bi shi kwanaki, yana ganin ƙaramin ma'aikaci na koya masa aiki. Takardar kuwa ba za ta tafi ba sai ya gyara, kuma gyaran ba gogewa ba ne, ƙari ne a ƙasa mai kwanan wata, tsohon rubutun yana nan kowa na gani.

Akwai kuma tambayar me ya sa aka yi aikin. Ba kowace kafa ake wa leza ba. Ƙaramin zagayayyen rami da aka tarar a dubawar yau da kullum, mai shi bai ga walƙiya ba, ruwan ido ba ya jan wurin, sau da yawa sa masa ido kawai ake yi. Haka wata sirantakar gefen tantani mai kama da raga, H35.41, wadda ake samu a kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na mutane, galibinsu kuma ba abin da ke samunsu har ƙarshen rayuwa. Idan likita ya yanke shawarar yin leza a irin waɗannan, dole bayaninsa ya nuna hujja: ɗaya idon ya taɓa ɓanɓarewa, ko ruwa ya fara taruwa a gefen ramin, ko alamu sun bayyana jiya. Inshora na neman hujjar ne don kada ta biya. Amma likitan da zai ga mutumin bayan shekara biyar shi ma hujjar yake nema, don ya san da wane irin ido yake hulɗa.

Ba zan ɓoye ba, kuɗi ne ke tafiyar da wannan tsari a Amurka, kuma inda kuɗi yake akwai kwaɗayi. Kullum akwai wuri mai ruɗani: ruwa kaɗan ya shiga ƙarƙashin bakin yagewar, shin yagewa ce har yanzu ko ƙaramar ɓanɓarewa? Likita ne zai yanke, kuma mai gaskiya zai rubuta iya faɗin ruwan yadda wani zai iya auna hukuncinsa. Marar gaskiya kuwa kullum hukuncinsa wajen lamba mai tsoka yake karkata. Salomon Melgen, likitan tantanin ido a jihar Fulorida, an same shi da laifuka 67 a 2017 na damfarar Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ciki har da liƙa wa mutane cututtukan da ba su da su da yi musu aikin da ba sa buƙata. An yanke masa shekara 17 a 2018, Shugaba Trump ya sassauta masa a Janairun 2021. Abin da ya tona shi foldoji ne da lambobi, da aka jera su aka ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Lambobin da aka yi satar da su, su ne suka zama shaida.

Duk da haka lamba tana da makantarta, kuma a wuri mafi muhimmanci. A tsakiyar tantanin akwai wani ɗan fili da bai wuce milimita shida ba, ana ce masa makula, da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Idan tantani ya tashi daga gefe amma ruwan bai kai nan ba, aikin gaggawa ne na yau ko gobe, kuma akwai kyakkyawan fatan gani zai tsira. Idan ya riga ya kai, ko an yi aiki an dace, da wuya gani ya koma yadda yake. Ga likita da mara lafiya babu tambayar da ta fi wannan. Amma H33.011 ita ce lambar su biyun, wanda tsakiyar ganinsa ke nan da wanda tasa ta tafi. Lambobi dubu saba'in, babu wadda ta raba su. Haka nan babu lambar da ke faɗin yaushe labulen ya fara sauka, ko me aka gargaɗi mutum da shi, ko yaushe aka ce ya dawo. Duk wannan sai a rubutun likita. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ce lambobi sun wadatar bai taɓa karanta folda don ya taimaki mai ita ba.

Wani lokaci can baya kawuna ya kira ni daga gida, bayan gaisuwa ya ce an yi masa aiki a ido.

Na ce, "Kawu, me likita ya ce ya same ku?"

Ya ce, "Ya ce jijiya ce ta taɓu. Sun haska mini wata wuta, kore-kore haka, suka ce in tafi."

"An ce muku yagewa ce, ko tantanin ya tashi?"

"Kai ɗan nan, ina na sani? Ai ba a tambayar likita."

"To an ba ku wata takarda?"

"Katin yana wurinsu."

Kawu ba jahili ba ne, tsohon malamin makaranta ne. Kuma likitan da ya gan shi ya yi abin da ya dace, ya ceci idon. Amma bayan 'yan watanni, yana wani gari wajen biki, ɗaya idon ya fara walƙiya, likitan da ya gan shi a can sai da ya fara daga farko, yana laluben tarihi daga tabon da ya hango. Ga shi kuwa sananne ne cewa kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa leza sukan sake samun sabuwar yagewa daga baya, kuma wanda ido ɗaya ya yage, ɗayan ma abin sa wa ido ne. Tabon leza kansa yakan ɗauki kamar mako biyu kafin ya kama sosai, shi ya sa ake cewa a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, sannan bayan wata guda ko fiye kaɗan, sannan a riƙa zuwa lokaci-lokaci. Kawu bai san da ko ɗaya daga cikin wannan ba, ko kuma an faɗa masa da baki cikin hayaniyar layi ya tashi a iska.

Na san halin da likitocinmu ke ciki. Masu aikin tantanin ido 'yan ƙalilan ne, layi kuma tun asuba yake kamawa a manyan asibitocin ido kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin ido na Kano. Ba na cewa a kwaso tsarin Amurka, inda likita kan ɓata lokaci a gaban kwamfuta fiye da gaban mara lafiya. Amma muna da namu dalilan na buƙatar rubutu mai kyau, har fiye da su. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kuma sikila na toshe ƙananan jijiyoyin gefen tantanin ido, sababbi marasa ƙwari su tsiro, su zubar da jini ko su ja tantanin. Masu nau'in SC, waɗanda ba su cika kwanciya ciwo ba har wasu ba su san suna da shi ba, su wannan matsala ta fi kamawa. Layi ɗaya a folda mai faɗin nau'in jinin mutum na iya sauya yadda za a yi masa aiki. Ga dubban da ake cire wa yanar ido duk shekara, aikin alheri ne, amma yana ɗan ƙara haɗarin yagewa daga baya, haka ma masu sa tabarau mai kauri don hangen nesa, da wanda aka taɓa bugewa a ido. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci ajiye bayanan marasa lafiya da kiyaye sirrinsu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa inshora ta zama tilas, wato ko ba jima ko ba daɗe lambobin nan za su fara yanke hukuncin wa za a biya a asibitocinmu. Gara mu koyi rubuta gaskiya dalla-dalla tun kafin kuɗi ya koya mana rubuta abin da ya fi tsoka.

Akwai layi ɗaya da rashinsa kan makantar da mutum cikin awa guda. Idan tantani ya tashi aka yi babban aiki, sau da yawa akan cika idon da wata iska ta musamman don ta danne tantanin har ya kama. Wata irin takan yi kamar mako biyu kafin ta ɓace, wata har wata biyu. Muddin tana ciki, mutum ba zai hau jirgin sama ba, domin a sama iskar kumbura take yi, ta matse jijiyoyin ido har jini ya daina shiga. Haka in wata tiyata ta taso, akwai iskar sa barci da ba za a shaƙa masa ba. A nan Amurka akan ɗaura wa mutum wani abin hannu mai gargaɗi. Mutanenmu kuwa da yawa a Indiya ko Masar ko Dubai ake musu wannan aiki, tikitin dawowa na aljihu, wasu kuma Umara ko Hajji na gabansu. In da mai aka cika idon maimakon iska, ana iya tashi, amma shi kuma yawanci sai an koma an cire shi. Iska ce ko mai, wace iri, ranar da aka sa: duk wanda aka yi wa aikin nan ya kamata ya riƙe wannan a rubuce.

Saboda haka, mai karatu, in ka ga walƙiya a gefen ido, ko ɗige-ɗige sun cika maka gani farat ɗaya, ko wani duhu na tasowa daga gefe, kada ka tsaya ɗiga tozali ko maganin kemis, kada ka jira sai ya yi zafi, ba zai yi ba. Ka nemi likitan ido a ranar ko washegari, ka tafi da mai rakiya domin maganin buɗe ido zai dushe maka gani na 'yan awanni. Kafin ka tashi daga gabansa, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta maka wane ido ne, yagewa ce ko tantanin ya tashi, a wane wuri, me aka yi, ya ɗaya idon yake, da ranar dawowa. Ba raini ba ne, kuma ba zai ci masa minti uku ba. Ka ɗauki hoton takardar da wayarka, ka tura wa wani daga cikin 'ya'yanka ya ajiye.